Wai su “don't” da “can't” Turancin malalata ne?

Maman Ilham: Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni ga malaman Turancin da ke zauren nan, don abin ya tsaya mini a rai tun jiya. Wata takwas ke nan ina aikin jinya a Ingila, wajen Leeds. Jiya muna shan shayi sai wata abokiyar aikina, dattijuwar Baturiya mai kirki, ta ja ni gefe ta ce wai ko ta yi mini wani laifi ne, don ta lura kullum a fusace nake ba ta amsa. Na ce ni? Wallahi ko sau ɗaya ban taɓa jin haushinta ba. Da muka bi diddigi, ashe da safe ta tambaye ni inda aka ajiye makullin ɗakin magani na ce mata “I do not know.” Shekaranjiya kuma ta ce ko zan zo aiki ran Asabar na ce “I will not come.” Ita a kunnenta kamar na daka mata tsawa ne. Ta ce su “I don't know” suke cewa, sai rai ya ɓaci ake warware kalmomin ɗaya bayan ɗaya. Ni kuwa tun ina aji ɗaya a sakandare aka dasa mini cewa su don't da can't da won't Turancin malalata ne, malaminmu har zagaye su yake da jan biro. Shekara ashirin ina kaffa-kaffa da su. Yanzu wanne ne daidai fisabilillahi?

Ɗan Fagge: Wa alaikumus salam Hajiya. Ashe wata takwas kina zazzaga wa Turawa masifa ba ki sani ba. Allah ya ƙara ƙarfi.

Malam Garba Tudun Wada: Wa alaikumus salam 'yata. Malaminku bai yi kuskure ba. Shekara 31 na yi ina koyar da Turanci kafin in yi ritaya, kuma abin da muka koyar ke nan: cikakkiyar siga ita ce asali, dunƙulalliyar kuwa gajarce hanya ce. Wanda ya riƙe asali ba ya ɓata. Idan Baturiya ta ji haushi don kin yi mata Turanci cikakke, to matsalar tata ce. Su kansu yanzu sun lalata harshensu, rabin yaransu ba sa iya rubuta wasiƙar neman aiki.

Baban Texas: Allah ya gafarta Malam, a yi mini afuwa, amma a nan ba zan bi ka ba. Shekarata goma sha huɗu a Houston ina tuƙin haya, kunnena ya sha Turanci iri-iri, daga na likita har na ɗan kwaya. Ban taɓa ɗauko fasinjan da ya ce mini “I am going to the airport and I do not have much time” ba. Farfesa ma “I'm” da “don't” zai ce. Ranar da ka ji Ba'amurke ya ce “I do NOT want that,” to ka gyara zama, rigima ce ta taso. Uwa in tana yi wa ɗanta kashedin ƙarshe haka take yi: “Do not touch that.” Abin da abokiyar aikin Hajiya ta ji ke nan.

Malam Garba Tudun Wada: Alhaji, Turancin Amurka ai ba a kafa hujja da shi.

Baban Texas: To ai ita Hajiya a Ingila take, Malam, gidan masu abin.

Malama Rabi: Salamu alaikum. Na ga an kira malamai, bari in sa baki, kimiyyar harshe nake koyarwa. Baba Malam, da girmanka, ina ganin abu biyu aka cakuɗa mana tun a makaranta. An ba mu dokar rubutun hukuma, muka ɗauke ta muka shimfiɗa a kan magana baki ɗaya. A baki, dunƙulalliyar siga ita ce ta yau da kullum, wadda ba ta ɗauke da wani saƙo na daban. Cikakkiyar ita ce mai ɗauke da kaya: nanatawa, musu, kashedi, ko nuna cewa yau ba wasa.

Kuma mu Hausawa bai kamata abin ya zame mana baƙo ba. Baba, in ka ce “zan je kasuwa” ko “bai zo ba,” malalaci ne kai? Ai “zai” daga “za ya” ya fito, har gobe akwai masu faɗinsa a warware a wasu kare-karen harshe. “Don” daga “domin,” “kar” daga “kada,” “in” daga “idan,” “gun” daga “gurin,” “min” daga “mini,” “sai da” daga “sayar da,” “ran Asabar” da Hajiya ta rubuta a sama daga “ranar Asabar.” Yanzu a ce wani Bature ya koyi Hausa a littafi, ya zo Kurmi yana cewa “kada ka sayar da shi domin za ya yi tsada,” ai za a gane shi, amma kowa zai san ba ɗan gida ba ne. Haka Hajiya take a kunnen mutanen Leeds.

Ɗan Fagge: Malama ta zo da gatari. Baba Malam, a nemi mafaka.

Malam Garba Tudun Wada: Kai Ɗan Fagge ka kiyaye ni, na haifi kamarka. Malama, misalinki ya yi kyau, amma akwai bambanci. “Zan” da “zai” sun shiga daidaitacciyar Hausa, jarida ma da su take rubutu. “Don't” kuwa bai shiga rubutun ilimi ba. Kuma duk dunƙulalliyar kalma ana iya warware ta a mayar da ita asalinta ba tare da an yi asarar komai ba. To me zai sa in koya wa yaro ta biyu alhali ta farko ta wadatar?

Malama Rabi: Yauwa Baba, nan nake so mu zo. Maganar cewa kullum ana iya warwarewa ba a yi asara ba, ita ce ba ta tsaya ba. Gwada wannan: “Don't you know him?” Warware ta kalma da kalma, sai ta zama “Do not you know him?” Wannan ba Turancin yau ba ne. Dole ka sauya wa kalmomin wuri ka ce “Do you not know him?” kuma da ka faɗe ta haka ta koma maganar alƙali ko mai wa'azi. Ga wata: “I'm late, aren't I?” Warware ta ka gani: “are not I”? Babu wanda ke cewa “I are.” Amma “aren't I” ita ce karɓaɓɓiya a Ingila da Amurka. Mutanen Ireland da Scotland ne ke cewa “amn't I,” wadda a lissafi ta fi dacewa, amma sauran ba su ɗauke ta ba.

Sai “let's.” An ce mana “let us” ce. To fursunoni in suna roƙon mai gadi ya sake su za su ce “let us go,” ba za su taɓa cewa “let's go” ba, don wannan ma'anarta “mu tafi,” har da mai gadin a cikin tafiyar.

Wasu masana biyu, Arnold Zwicky da Geoffrey Pullum, sun yi rubutu a 1983 suna kafa hujja cewa wannan “n't” ɗin ya daina zama “not” da aka gutsure, ya zama ɗafi na aikatau mai cin gashin kansa. Cikin hujjojinsu har da cewa ba kowane aikatau yake karɓarsa ba, kuma yana sauya wa wasu kama gaba ɗaya: will ya koma won't, shall ya koma shan't.

Ummi SS3: Anti don Allah ni wannan won't ɗin ne ya daɗe yana ɗaure mini kai. Me ya sa ba willn't ba? Na tambayi malaminmu ya ce haka Turawa suka ga dama.

Malama Rabi: Ummi, malaminku ya gaji ne ranar. A tsohon Turanci na tsakiyar zamani kalmar tana da siga fiye da ɗaya, akwai “will” akwai “wol.” A wajen tabbatarwa “will” ta yi nasara, a wajen korewa kuma “wol not” ce ta rayu, ta zama “wonnot,” ta ƙanƙance ta zama “won't.” Kamar gida ne da aka raba gado, babban wa ya ɗauki gona, ƙane ya ɗauki shago.

Kuma kar a ɗauka yaran zamani ne suka ƙirƙiro dunƙulewa. Turancin da aka yi fiye da shekara dubu da suka wuce yana da “nis,” wato “ne” da “is” a haɗe, ma'ana ba shi ne ba. A 1710 marubuci Jonathan Swift ya yi dogon ƙorafi a mujallar Tatler cewa mutanen zamaninsa suna gutsure kalmomi suna lalata harshe, har ya kawo samfurin wasiƙa cike da irin su can't don ya yi musu ba'a. Shekara ɗari uku ke nan da ɗoriya, can't tana nan daram.

Malam Garba Tudun Wada: To kin ga ashe ina da magabata. Ni da Swift layinmu ɗaya.

Ɗan Fagge: Layin waɗanda suka sha kaye ba.

Admin: Ɗan Fagge, gargaɗi na farko. A yi muhawara da ladabi, Malam uba ne a zauren nan.

Ɗan Fagge: Tuba nake ranka ya daɗe. I will NOT do it again. Kun ga na warware ta don a san da gaske nake.

Ummi SS3: To ni yanzu kun rikita ni. Saura wata biyu mu fara WAEC. In rubuta ko kar in rubuta?

Malam Garba Tudun Wada: Ummi jikata, wannan fagena ne, saurara da kyau. In tambayar wasiƙa ce zuwa ga shugaban makaranta, ko shugaban ƙaramar hukuma, ko editan jarida, ko an ce ki rubuta maƙala ko rahoto, kada ki kuskura ki sa ko ɗaya. Rubuta “do not,” “it is,” da “cannot,” ita kuma cannot a haɗe ake rubuta ta, kalma ɗaya. In kuwa wasiƙa ce zuwa ga ƙawarki ko yayarki, sa su, ana ma son a gan su, don su ne ke nuna kin san bambancin wasiƙar zumunci da ta hukuma. Haka in kina ba da labari kika sa mutane suna magana a ciki. Abin da ke cinye wa yara maki shi ne waƙafin saman nan: a rubuta dont babu shi, ko a sa shi inda ba wurinsa ba kamar do'nt. Wurinsa shi ne inda aka cire harafi. An cire “o” na “not,” to nan zai zauna.

Malama Rabi: Ummi, bi maganar Baba harafi da harafi. A nan ba mu da saɓani ko kaɗan. Kuma Baba, ka lura kai da bakinka ka ce ana son a gan su a wasiƙar zumunci.

Malam Garba Tudun Wada: Na faɗa. Ban ce haramun ba ne, makaruhi na ce.

Ɗan Damagaram: Salamu alaikum mutanen Najeriya. Mu da muka yi lakwal da Faransanci wannan gardama tana ba mu mamaki. A Faransanci cire wasali dole ne, ba zaɓi ba. “J'ai” ake rubutawa, “l'eau” ake rubutawa, ko a takardar shugaban ƙasa. Wanda ya rubuta “je ai” ya faɗi jarrabawa. Da na fara koyon Ingilishi a Yamai sai na ɗauka haka abin yake, na cika takardar neman karatu da I'm da I've, malamin ya dawo mini da ita ja wur. Na ce to ku kuma wane irin harshe ne wannan, abu ɗaya halal da safe haram da yamma?

Malama Rabi: Malam na Damagaram, ai waƙafin saman ma daga wajenku Turawan Ingila suka aro shi, a ƙarni na 16, daga masu buga littattafan Faransa. Ga kuma wani abin da ke ƙara rikita mu Hausawa: a rubutunmu wannan alama harafi ce mai sauti, hamza ce. Jama'a, sa'a, ma'ana. In muka gan ta muna tsammanin a tsaya a ɗan datse murya. A Turanci kuwa ba ta da sauti ko kaɗan, kabarin harafin da aka binne ne kawai. Na sha jin ɗalibai suna karanta “I'm” kamar gaɓa biyu, alhali gaɓa ɗaya ce.

Baban Texas: Tunda an zo maganar furuci, bari in ba ku labarin abin da ya kusa sa ni asara. Farkon zuwana, can da can't a bakin Ba'amurke ɗaya nake jin su, don ba sa fito da “t” ɗin ƙarshe, haɗiye shi suke. Wani fasinja ya ce mini a waya “I can't wait,” ni na ji “I can wait,” na tsaya shan mai hankalina kwance. Ina isa ya tafi. Sai daga baya wani ɗan Ghana da ya riga ni zuwa ya buɗe mini sirrin: kar ka nemi “t,” saurari tsawon kalmar. In mutum zai iya, kalmar gajeruwa ce ƙwarai, kamar “kin,” murya ta wuce ta kan aikatau na gaba. In ba zai iya ba, sai ya ja ta ya danna mata nauyi. Tun ranar ban sake faɗawa ramin ba.

Maman Ilham: Alhaji, mu a nan da sauƙi ta wannan fuskar, don yawancinsu wasalin ma daban ne, can't ɗin sai su ja shi kamar “kaant.” Ni abin da ya fi wahalar da ni shi ne 's da 'd. Wata rana wata ma'aikaciya ta leƙo ta ce mini game da wani tsoho da ke gado na huɗu, “He's finished.” Gabana ya yanke ya faɗi, na ce inna lillahi, na ruga a guje. Na tarar da bawan Allah yana goge baki, abincinsa ya gama ci.

Ɗan Fagge: Hajiya kin kashe ni da dariya. Tsoho ya cinye tuwonsa an kusa yi masa salla.

Malama Rabi: Hajiya, ba laifinki ba ne, jimlar ce mai fuska biyu. “He's” tana iya zama “he is” ko “he has.” Haka “I'd” tana iya zama “I would” ko “I had.” Abin da ke biye da ita ne ke raba gardama: “I'd go” would ce, “I'd gone” had ce. “You'd better go” kuma had ce, ko da yake da yawa suna zaton would ce. Amma finished ta dace da duka biyun, sai dai yanayi ya fitar da ke.

Ga wata doka da ba a cika koya mana ba, alhali duk ɗan asalin harshen yana bin ta ba tare da ya san da ita ba. Ba a rufe jimla da I'm ko he's ko we've. In an ce “Are you ready?” amsar “Yes, I am” ce, “Yes, I'm” ba Turanci ba ne. “She is taller than I am,” ba “than I'm” ba. Dalili shi ne kalmar ƙarshe tana ɗaukar nauyin murya, dunƙulalliya kuwa ba ta da ƙashin ɗaukar nauyi. Amma masu korewa suna iya rufewa lafiya lau: “No, I don't,” “No, he isn't.”

Asalin abin duk daga kiɗan harshen ne. Hausa kowace gaɓa tana karɓar haƙƙinta, doguwa ko gajeruwa, da karin sautinta. Turanci kuwa tsalle yake daga gaɓa mai nauyi zuwa mai nauyi, abin da ke tsakani a murƙushe shi. Su am, is, have, will, would ƙananan ma'aikata ne, su ake murƙushewa. In kika ba kowannensu cikakken nauyi, mai sauraro zai ɗauka da gangan kika yi, sai ya shiga neman dalili. Abokiyar aikinki ta nema, ba ta samu wani dalili ba sai fushi.

Barista: Na daɗe ina karantawa ban ce komai ba. Ina tare da Malam Garba a ɓangare guda, kuma ba don tsohon yayi ba. A aikinmu ba ka isa ka sa “shan't” ko “won't” a yarjejeniya ko takardar rantsuwa ba. “Shall not” ake rubutawa, don kalmar korewa ita ce ran jimlar, dole ta tsaya da ƙafarta kowa ya gan ta. Harafi biyu da ɗan waƙafi suna iya ɓacewa a hoton takarda, dukiyar mutum ta bi ruwa.

Malama Rabi: Barista, gwamnatin Birtaniya ma ta yarda da kai rabi. Ƙa'idar rubutun shafinta na GOV.UK ta ce a yi amfani da irin su you're da we'll don rubutu ya yi kusa da mutane, amma a guji masu korewa irin su can't da don't, saboda masu karatu da dama suna shan wahalarsu ko su karanta akasin abin da ake nufi. Ta kuma ce a guji su should've da could've. Ka ga ba asali ko lalaci suka duba ba, wanda zai karanta suka duba.

Baban Texas: Matuƙan jirgin sama ma haka. Ƙanin matata yana aikin, ya ce a rediyo ba a cewa can't, “unable” ake cewa, a'a kuma “negative.” Ga ƙara ga iska, wa zai tsaya neman “t”?

Malam Garba Tudun Wada: Alhamdu lillahi, ga lauya ga matuƙin jirgi ga gwamnatin Ingila duk sun dawo gidana. Duk inda magana ta zama ta rai da dukiya, asali ake komawa. Kuma ku duba manyan jawabai. Martin Luther King a Washington a 1963 “I have a dream” ya ce, bai ce “I've a dream” ba.

Baban Texas: Malam, shi kuma Neil Armstrong da ya taka wata a 1969 da “That's one small step” ya fara, duniya duka tana saurare. Ko shi ma malalaci ne?

Malama Rabi: Ku biyun duk kun kawo gaskiya, amma misalin Baba yana da wani dalili na daban. “Have” a jimlar King ba mataimaki ba ne, shi ne aikatau na mallaka, kuma Amurkawa ba sa dunƙule shi a wannan matsayi. “I've seen it” kowa na faɗa, amma “I've a car” sai a Birtaniya za ka ji, can ma ba kowa ba. Su kansu ba bakinsu ɗaya ba. Wani ya ce “he isn't,” wani ya ce “he's not.” A arewacin Ingila da Scotland za ka ji “I'll not” inda na kudu zai ce “I won't.” Hajiya tana Leeds, na tabbata ta ji.

Maman Ilham: Kullum kuwa. Da “innit” a ƙarshen kowace magana wajen matasa.

Malama Rabi: Wannan daga “isn't it” ta fito, ta zama tasu “ko ba haka ba.” Abin dariya, mu ma a Najeriya haka muke yi da isn't it, mu liƙa ta a bayan kowace jimla: “You are coming, isn't it?” A daidaitaccen Turanci “aren't you” ce. Hausar ce ke leƙowa, “ko?” ɗinmu guda ɗaya da ke shiga ko'ina.

Ɗan Fagge: To ni a bar ni da tawa tambayar. Duk yarinyar da na yi wa “how are you” a WhatsApp sai ta ce “am fine.” Shi kuma wannan wane gida ya fito?

Malam Garba Tudun Wada: Gidan jahilci. Wannan ko Malama ba za ta kare shi ba. Kuma kai me ya kai ka yi wa 'yan mata how are you?

Malama Rabi: A jarrabawa ba zan kare shi ba Baba, kuskure ne, “I'm fine” ce. Amma na san inda ya fito. “I'm” a bakinmu “am” take fita, don muna miƙe tagwan wasalin, sai mutane suka rubuta abin da kunnensu ya ji. Turawan ma suna da irin nasu: “should've” a kunne kamar “should of” take, shi ya sa za ka ga ɗan Ingila haifaffe ya rubuta “I should of come.” Haka rikicin its da it's, your da you're, whose da who's. Wannan ciwon ya fi kama masu harshen, don su da kunne suka fara koya, mu da ido.

Akwai wani bincike da nake sha'awa a nan. Masanin harshe William Labov ya nazarci Turancin baƙaƙen fatar Amurka a unguwar Harlem ta New York, ya wallafa a 1969. Suna cewa “she nice,” babu “is” sam, ana ta yi musu kallon marasa nahawu. Sai ya nuna cewa inda daidaitaccen Turanci ya yarda a dunƙule, nan ne kawai suke jefar da kalmar. Inda ba a dunƙulewa, kamar ƙarshen jimla, su ma ba sa jefarwa. Doka ɗaya ce, sun dai ƙara mata taki ɗaya.

Ummi SS3: Anti to su gonna da wanna da ain't fa?

Malam Garba Tudun Wada: Ummi, ki yi kamar ba ki taɓa jin su ba sai bayan sakamako ya fito.

Malama Rabi: Na sa hannu a wannan. Amma don ilimi: ain't tun ƙarni na 18 take, har manyan masu kuɗin Ingila sun yi ta amfani da ita kafin a yi mata tambarin ta marasa ilimi. Da ƙamus ɗin Webster na uku ya fito a 1961 bai yi mata tofin Allah tsine yadda ake so ba, jaridun Amurka sun yi ca a kansa. Gonna kuma tana da tata dokar: ta abin da za a yi ce kawai. “I'm gonna eat” ya yi, amma “I'm gonna Kano” babu shi, dole “going to Kano.”

Barista: Malam Garba, tambaya ɗaya tsakani da Allah. In jikarka ta kira ka daga waje tana yi maka Turanci, “I do not” kake ce mata?

Malam Garba Tudun Wada: Hausa nake mata, Barista, don kar ta ɓace. Amma tunda ka haɗa ni da Allah, in magana ta kama, don't nake cewa. Abin da ban yarda ba shi ne a fara koya wa yaro ita kafin ya san abin da aka dunƙule. Na ga yaran da ba su san “I'd” kalma biyu ba ce. Inda na yarda mun gaza shi ne ba mu koyar da sauraro ba. Makarantar da na yi aiki rediyo ɗaya gare mu, shi ma ba batir. Yaro ya gama aji shida bai taɓa jin Bature ya ce “I'd've told you” ba, ranar da ya ji sai ya ɗauka wani yare ne.

Maman Ilham: Baba na gode, Malama na gode, Allah ya ƙara ilimi. Yau na gwada. Ta tambaye ni ko na ga takardar gado na shida na ce “No, I haven't, love,” har da love ɗin nasu na mutanen Yorkshire. Ta tsaya ta dube ni ta ce wa ya koya mini. A takardun marasa lafiya dai ina nan da “did not” ɗina, can ba na son wani ya karanta akasi.

Ɗan Fagge: Hajiya, tsohon gado na huɗu fa? He's finished?

Maman Ilham: An sallame shi tun makon jiya, da ƙafarsa ya fita.

Ɗan Damagaram: Malama, kafin a watse, tunda kin ce “zai” daga “za ya” ne, me ya sa kuke haɗe zan da zai amma ku raba “za su” da “za mu”? Mu nan rabin mutane “zasu” suke rubutawa.

Admin: Malam na Damagaram, wannan ka buɗe mata zare nata daban. Wancan karon da aka taɓo ta kwana uku ba a yi barci ba a zauren nan.